Ni da maigidana duka muna tashi da ciwon kai, amma ba iri ɗaya ba

Maman Tagwaye:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da tambayar da ta daɗe tana cin raina, kuma na ga a wannan zaure akwai masu ilimin lafiya da waɗanda suka ɗanɗana abin da kansu. Ni da maigidana mun haura shekara biyu muna fama da ciwon kai, amma da na zauna na lura sai na ga ba hanya ɗaya yake bi da mu ba. Ni barcin ne ba ya zuwa. Nakan kwanta ƙarfe goma in yi ta juyi har ɗaya na dare, kuma idan na jera kwana biyu a haka, rana ta uku ɓarin kaina na hagu zai kama bugawa kamar ana daka a ciki, zuciyata ta riƙa tashi, ko hasken taga ba na son gani. Shi kuwa kansa na taɓa matashi ya tafi, yana minshari har a ɗaki na gaba ana jiyowa, ya yi awa takwas cur, amma ya farka da kai mai nauyi da baki a bushe, kafin hantsi kuma ciwon ya washe kamar ba a yi ba. Shin alaƙar barci da ciwon kai ta bambanta ne tsakanin mace da namiji, ko kuwa mu ne dai kowa da irin jikinsa?

Likitan Zaure:
Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba ku lafiya. Ba zan iya yanke hukunci a kan mutumin da ban duba ba, amma abin da kika zayyana ya yi kama da cututtuka biyu daban waɗanda suna kawai ya haɗa su.

Naki ya yi kama da ciwon ɓarin kai. Alamominsa sanannu ne: bugawa a gefe ɗaya, tashin zuciya ko amai, ƙin haske da ƙara, kuma idan ba a sha magani ba yakan ɗauki awa 4 zuwa 72. Wannan ciwo ya fi kama mata ninki biyu zuwa uku a kan maza. A Amurka, inda aka daɗe ana ƙidaya shi, kimanin mata 18 cikin 100 ne ke da shi, maza kuwa kimanin 6. Rashin barci ma ya fi yawa ga mata, da kusan kashi 40 cikin 100 a kan maza, don haka mace takan tsinci kanta da matsala biyu kowace tana hura wutar 'yar'uwarta.

Na maigidanki kuwa ya sa ni tunanin ɗaukewar numfashi cikin barci. Idan mutum ya yi nisa a barci, naman maƙogwaro yakan saki ya toshe hanyar iska, numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye, iskar oksijin ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe shi na ɗan lokacin da shi kansa ba zai tuna ba, sannan ya koma. Mai larurar da ta yi tsanani yakan yi haka sau 30 ko fiye a cikin awa guda. Agogo zai nuna ya yi awa takwas, jikinsa kuwa bai huta ba. Ciwon kan da ke biyo wannan yakan kama gefe biyu, yana danna kai maimakon bugawa, ba ya zuwa da tashin zuciya, kuma yakan wuce cikin awa huɗu bayan farkawa. Maza sun fi mata samun wannan larura, musamman masu ƙiba da kaurin wuya. Ki saurare shi dare ɗaya, ki ji ko minsharin yana yankewa a yi shiru, sannan ya ja numfashi da ƙarfi kamar wanda aka shaƙe.

Baban Ummi:
Likita, da girmamawa, ina da ja a kan alƙaluman nan. A ganina mata sun fi mu zuwa asibiti ne kawai, kuma sun fi mu faɗin abin da ke damunsu. Namiji zai haɗiyi ƙwaya biyu ya fita aiki, ba wanda zai rubuta sunansa a ko'ina. Idan kuwa aka ƙidaya waɗanda suka je asibiti ne kaɗai, dole a ga mata sun yi rinjaye. Batun rashin barci ma ban ga abin mamaki a ciki ba, domin wadda ke tashi sau uku cikin dare saboda kukan jariri ba ta buƙatar wani sinadari ya hana ta barci. Ina tsoron kada mu ɗora wa halitta abin da hidimar gida ce ta jawo shi.

Likitan Zaure:
Malam, rabin maganarka gaskiya ce. Maza ba su cika kai kukan ciwon kai asibiti ba, kuma idan sun kai, sau da yawa ba a kawo ciwon ɓarin kai a rai saboda an ɗauke shi ciwon mata. Sai dai alƙaluman da na kawo ba daga rajistar asibiti suka fito ba, daga tambayoyin da aka aika wa mutane gidajensu ne, wanda ya taɓa ganin likita da wanda bai taɓa ba. Akwai kuma hujjar da ta fi wannan ƙarfi: kafin balaga, yara maza da mata kusan kunnen doki suke a ciwon ɓarin kai, a ƙananan shekaru ma maza kan ɗan fi yawa. Tazarar tana buɗewa ne daidai lokacin da yarinya ta fara al'ada, tun ba ta da jaririn da zai tashe ta, sannan ta fara rufewa bayan mace ta daina. Hidimar gida ba za ta iya bayyana wannan tsari ita kaɗai ba.

Malama Ungozoma:
Ina so in ɗora a kan maganar Likita daga abin da nake gani a wurin aiki, domin rayuwar mace ce kanta ke ba da shaida. Tun 1972 wani likitan ƙwaƙwalwa a Ostareliya mai suna Somerville ya nuna cewa faɗuwar sinadarin istirojin, wanda jikin mace ke fitarwa don tsara al'ada, gab da zuwan jinin al'ada ita ce ke tayar da ciwon, domin da ya yi wa mata allurar sinadarin ya hana shi faɗuwa da wuri, sai ciwon ya jinkirta. Shi ya sa mata da yawa ke samun mafi munin ciwonsu daga kwana biyu kafin jinin zuwa kwana uku na farkonsa, kuma a waɗannan kwanaki ne barci ma yake lalacewa saboda ciwon mara da sauyin ɗumin jiki.

Sai kuma abin da kullum yake ba ni mamaki. Mai juna biyu a watanninta na ƙarshe ba ta samun barcin kirki: fitsari na tashe ta, baya na ciwo, ba ta samun gefen da za ta kwanta ta ji daɗi. Duk da haka, mafi yawan masu ciwon ɓarin kai sukan samu sauƙi sosai daga wata na huɗu zuwa haihuwa, saboda istirojin ya hau ya zauna wuri ɗaya ba ya hawa da sauka. Da rashin barci ne kaɗai ke kawo ciwon, da a wannan lokaci ne zai fi tsanani. Bayan haihuwa kuma sinadarin ya faɗo lokaci guda, jariri ya yanyanka daren gunduwa-gunduwa, sai ciwon ya dawo wa da yawa cikin makonnin farko. A nan ne maganar Baban Ummi take da wuri, domin abubuwan biyu suna haɗuwa ne a kan mace ɗaya a dare ɗaya, kuma wanda za a iya rage mata a cikinsu shi ne tashin dare, idan akwai mai karɓar ta.

Gargaɗi ɗaya da ba na gajiya da maimaitawa: sabon ciwon kai mai tsanani ga mai juna biyu da ta wuce mako 20, ko ga mai jego, musamman idan ya zo da kumburin fuska ko gani dishi-dishi, ba a jiran gari ya waye a kansa. A je a auna jini nan take.

Mai Aikin Dare:
Ni namiji ne, kuma nawa ciwon bai shiga ko ɗaya daga cikin biyun da aka ambata ba, shi ya sa na ga ya kamata in sa baki. Yakan zo mini sau ɗaya a shekara, ya zauna kamar mako shida, sannan ya ɓace. A cikin makonnin nan, ranakun da nake gida, nakan kwanta lafiya lau, bayan kamar awa ɗaya da rabi sai in farka kamar an soka mini ƙusa mai zafi a bayan idon dama. Idon ya yi ja yana zubar da hawaye, hancin wannan gefen ya toshe, fatar idon ta sauko. Mai irin ciwon Maman Tagwaye duhu take nema ta kwanta shiru, ni kuwa kwanciya ba ta yiwuwa. Sai in tashi in yi ta safa da marwa a ɗaki ina dafe da ido, wani lokaci har ina buga goshi da bango. Bayan minti arba'in ya sake ni, washegari kuma ya dawo kusan a daidai wannan lokaci, har na kai ina duba agogo in san saura nawa. Abin da ya fi cutar da ni shi ne na koma tsoron barci, ina zaune a kujera ina gyangyaɗi don kada in kwanta. Shekara huɗu ana ba ni maganin mura da na ciwon haƙori, har an taɓa cire mini haƙori lafiyayye, kafin wani likita ya saurari labarin daga farko zuwa ƙarshe ya gaya mini sunan ciwon.

Likitan Zaure:
Sannu, ɗan'uwa. Wannan shi ne ciwon kai na kulasta, wanda ke zuwa jere-jere na wasu makonni sannan ya ɗauke. Yana kama kimanin mutum 1 cikin 1,000, kuma shi ne babban ciwon kan da maza suka fi mata yawa a cikinsa. Kowane tashi yakan ɗauki minti 15 zuwa awa uku. Yadda yake kiyaye lokaci kamar mai agogo ne ya sa masu bincike suka karkata ga wani ɗan sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa da ake kira haifotalamus, inda agogon jiki yake, wanda ke tsara barci da farkawa da fitar sinadarin melatonin mai kawo barci. Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna wannan wuri yana kunnuwa a lokacin ciwon. Shaƙar iskar oksijin zalla ta abin rufe fuska tana kashe tashin ga mafi yawan masu shi cikin kamar minti 15, ƙwayoyin kashe zafi na yau da kullum kuwa kafin su fara aiki ciwon ya gama abin da zai yi.

Wannan sashe na ƙwaƙwalwa yana da hannu a ciwon ɓarin kai ma, kuma hakan ya kawo mu ga wani abu da nake so Maman Tagwaye ta yi tunani a kai. Kin ce kwana biyu na rashin barci ne ke jawo ciwon a rana ta uku. Mai yiwuwa ne, amma mai yiwuwa kuma ciwon ya riga ya fara tun kafin kan ya ɗauki zafi. Awanni, wani lokaci har kwana biyu kafin bugawar, masu wannan ciwo kan yi ta hamma, su ji kasala ko saurin fushi, wuya ya sage, barci ya rikice. Wani daren da ake zargi da haifar da ciwon, shi kansa alamar farko ce ta ciwon.

Baban Ummi:
To idan haka ne, Likita, ai gyara barcin ba shi da amfani ke nan. Idan ciwon ne ke ɓata barci, sai a bi ciwon da magani a bar barci ya gyaru da kansa.

Likitan Zaure:
Hanyar tana tafiya ta ɓangare biyu, Malam, kuma an gwada. A 2007 Calhoun da Ford a Amurka sun wallafa wani ƙaramin gwaji a kan mata 43 masu ciwon ɓarin kai da ya zama na kusan kullum. An ba wasu daga cikinsu ƙa'idojin barci: lokacin kwanciya tsayayye da zai ba da awa takwas a gado, ba kallon talabijin ko karatu a kan gado, cin abincin dare awa huɗu kafin kwanciya, rage shan ruwa gab da barci, da barin barcin rana. Waɗanda suka bi waɗannan ƙa'idoji sun samu raguwar yawan ciwon da tsananinsa fiye da waɗanda aka ba shawarwarin da ba su shafi gyaran barci ba. Gwajin ƙarami ne, kuma ka lura babu namiji ko ɗaya a ciki. Haka yawancin binciken ciwon ɓarin kai yake, mata ne suka cika shi, kamar yadda binciken farko-farko na ɗaukewar numfashi ya cika da maza. Kowane jinsi akwai ciwon da aka san shi da shi da kuma wanda ake mantawa yana iya kama shi.

Hajiya Babba:
Wannan magana ta ƙarshe da ni take, Likita. Shekarata 58. Ina da ciwon ɓarin kai tun ina budurwa, ya tsananta a shekarun da al'ada ta fara yi mini wasa, lokacin da zafin jiki ke tashe ni cikin dare jiƙe da gumi, sannan ya lafa bayan ta ɗauke gaba ɗaya. Na ɗauka na rabu da ciwon kai ke nan. Bayan shekara uku sai ga wani sabo, na safe, mai nauyi, tare da gajiyar da ko na wuni a kwance ba ta tafiya. Duk inda na je sai a ce damuwa ce ko tsufa, a ba ni maganin barci, in sha in tashi da kai ya fi na jiya nauyi. Ba wanda ya tambaye ni ko ina minshari, ni ma kuma da an tambaye ni da kunya ba za ta bar ni in amsa ba. Jikata ce da ta kwana ɗakina ta ce, Hajiya, kina yin shiru cikin barci har na tsorata na taɓa ki. Da aka yi mini gwajin barci, sai ga irin larurar da ake cewa ta maza ce. Yanzu da na'urar CPAP nake kwana, wadda ke hura iska a hankali ta hanci don kada maƙogwaro ya rufe. Makon farko na tsane ta, ina fizge ta cikin barci ban sani ba, amma kafin wata ya cika na fara farkawa da kai wasai. Ina roƙon 'ya'yana mata na wannan zaure kada su ɗauka minshari aibi ne da za a ɓoye wa likita.

Malama Ungozoma:
Hajiya ta taɓo inda ake yawan tuntuɓe. Bayan daina al'ada tazarar da ke tsakanin maza da mata a ɗaukewar numfashi tana raguwa ƙwarai, kuma mace ba ta cika zuwa da labarin minshari mai ƙarfi ba. Takan zo ne da gajiya, rashin barci, ciwon kan safe da ƙuncin rai, waɗanda duka ake saurin jinginawa ga damuwa. Akwai kuma wata larura da ta fi yawa ga mata, wadda ke sa ƙafafu su ƙi zama wuri ɗaya da dare, mutum ya riƙa jin kamar wani abu na tafiya a cikinsu sai ya motsa su. Tana da alaƙa da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki, tana yawaita a lokacin juna biyu, kuma an fi samunta ga masu ciwon ɓarin kai. Mace mai zubar da jini da yawa a al'ada wadda barci ke gagara, ya dace a duba wannan kafin a miƙa mata maganin barci.

Mai Haɗa Magunguna:
Ina so in shigo da abin da ke wucewa ta hannunmu kullum, wato ƙwayoyin da ake sha. Wanda ke shan maganin kashe zafi irin su farasitamol ko ibufurofen kwana 15 ko fiye a wata, ko kuma masu haɗi da kafeyin ko kodin kwana 10 ko fiye, har tsawon wata uku, yana iya faɗawa ciwon kan da maganin ne da kansa ke riƙe da shi. Irin wannan yakan tashi mutum da asuba, lokacin da maganin jiya ya bar jini, sai ya miƙa hannu ya sake sha. Mata sun fi yawa a wannan tarko, ba don komai ba sai don su ne suka fi yawan ciwon da ke kai mutum ga kwalbar.

Jikin mace da na namiji kuma ba sa sarrafa wasu abubuwan daidai. Kafeyin na kofi ko shayi yakan ɗauki kamar awa biyar kafin rabinsa ya fita daga jini, amma ga mai shan ƙwayar tazarar haihuwa mai istirojin lokacin kan kusan ninkawa, ga mai tsohon ciki kuma ya fi haka tsawo. Kofin da miji da mata suka sha tare da la'asar yana iya barin shi ya yi barci ita kuma ya riƙe ta har tsakar dare. A 2013 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta rage adadin maganin barci na zolpidem da ake fara ba mata daga miligiram 10 zuwa 5, saboda an ga yana daɗewa a jininsu har safiya. Ga mai minshari irin maigidan Maman Tagwaye kuwa, maganin barci mai sa jiki ya saki yana iya ƙara toshe numfashin, don haka kada a ba shi da sunan taimako.

Maman Tagwaye:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya ma, kamar kullum, barci bai zo mini ba, sai na yi amfani da damar na saurare shi kamar yadda Likita ya ce. Na riƙe waya ina duba lokaci. Minsharin yakan yi ta hawa, sai ya yanke ɗif, ƙirjinsa na motsi amma ba iskar da ke fita. Na ƙirga har daƙiƙa ashirin da biyu a wani karon kafin ya yi wani irin gurnani ya juya. A cikin rabin awa na ƙirga sau goma sha ɗaya, daga nan tsoro ya sa na daina. Na ɗauki sautin na kunna masa da safe, ya yi shiru ya ce bai taɓa sanin haka yake yi ba, kuma ya yarda zai je a duba shi. Ni kuma da na ƙirga ƙwayoyin da na sha a watan jiya sai na ga sun kai kwana goma sha bakwai. Likita, in daina su gaba ɗaya daga yau ne, ko yaya zan yi?

Likitan Zaure:
Kin yi abin da ya dace game da maigida, kuma ku tafi da sautin nan wurin likita. Har a duba shi, ya riƙa kwanciya a gefe maimakon rigingine, kuma ya yi hattara da tuƙi idan yana jin gyangyaɗi da rana. A auna masa jini ma, domin wannan larura da hawan jini sukan tafi tare.

Game da ke, ya danganta da irin ƙwayar. Idan farasitamol ne ko ibufurofen zalla, yawanci ana iya dainawa kai tsaye, sai dai ki sani ciwon kan zai iya ƙaruwa na kwanaki, wani lokaci har mako biyu, kafin ya fara sauka, kuma da yawa a nan suke karaya su koma. Idan akwai kodin ko tiramadol a ciki, kada ki yanke da kanki, a tsara miki yadda za ki rage a hankali. Ko wanne ne, ki ga likita a wannan makon, domin mai ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata tana buƙatar maganin rigakafi da ake sha kullum don rage yawan tashin ciwon, ba na kashe zafi kawai ba. Ki gaya masa idan kina ganin walƙiya ko zane-zane a idonki kafin ciwon ya fara, da kuma ko kina shan ƙwayar tazarar haihuwa mai istirojin, domin haɗuwar waɗannan biyu tana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki kuma tana sauya maganin da za a zaɓa miki. Kafin ki je, ki samu takarda ki riƙa rubuta abu huɗu kowace safiya: lokacin da kika kwanta da wanda kika tashi, ko kan ya yi ciwo, abin da kika sha, da kwana na nawa kike a zagayen al'adarki. Ki tsayar da lokacin tashi guda ɗaya har a ranakun hutu, ko da daren bai yi kyau ba, domin ramuwar barci da safe ma tana tayar da wannan ciwo.

Mai Aikin Dare:
Malama, ki ƙara layi na biyar a takardar, ki riƙa rubuta ƙarfe nawa ciwon ya fara. Ni wannan layin ne likitan ya tsaya a kansa ya ajiye biro, bayan shekara huɗu ba wanda ya tambaye ni.